Tukuici Kan Tukuici

Lahadi a Duluth, an taso daga coci,
ƙanƙara na narkewa a kan tabarmar bakin ƙofa,
ina tsaye da butar kofi a hannu.
Sunana Lorna. Yana maƙale a ƙirjina,
ba mai karantawa.

Nan gidan ɗebi-da-kanka ne:
kaza can, dankali can, ga kifin tafki yana tururi,
kowa da ƙafarsa, kowa da girman cikinsa.
Shi ya sa mutumin tebur na huɗu,
mai gemu kamar tsohuwar tsintsiya,
ya ɗaga rasit sama ya ce,
"Ni na ɗebo abincina. Ita me ta yi?"

Ban tanka ba, amma na iya ƙirga.
Faranti goma sha ɗaya na kwashe daga gabansa,
ƙasusuwa, ɓawon lemo, miyar da ɗansa ya kifar,
na cika masa kofi sau biyar
bai ɗago kai ya ga ko mutum ce ko famfo ba.
Ya bar sulalla uku kusa da gishiri.
Ɗaya ma na Kanada ne.

Dokar gidan tana gindin takardar abinci,
ƙananan baƙaƙe kamar kashin ƙuda:
in kun kai takwas, na'ura za ta ɗora
kashi sha takwas, ba sai ta yi sallama ba.
Na sha ganin masu rabuwa huɗu-huɗu,
suna basarwa kamar ba su san juna ba,
alhali hancinsu duk iri ɗaya.

Sai ga iyalin Halvorsen, su tara,
da kaka a keken turawa, yau ta cika tamanin.
Yaransu na tara mini faranti a gefe.
Tsohon ya karɓi rasit, ya laluba aljihu,
ya manta tabarau.
Na'ura ta riga ta ciri nata,
amma can ƙasa akwai layi fari, baki buɗe,
ya cika shi: dala arba'in.

Na tsaya bayan ƙofar kicin.
Dala arba'in.
Takalmin sanyi na 'yata Wren,
wanda take zagayawa a kanti tun watan jiya.
Tadeo mai wanke-wanke, hannu cikin kumfa,
ya ce, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Sa a aljihu."
Manaja Pruitt ya ɗaga kafaɗa:
"Ai shi ya sa hannu."

Kyauta ce in mai ita bai san ya bayar ba?

Na fita ba rigar sanyi.
Iska daga tafki ta mare ni hagu da dama,
na same su suna naɗe keken kaka a bayan mota.
Na ce, "Yallaɓai, an riga an saka nawa a ciki.
Ka biya sau biyu."

Ya kai takardar nesa da ido, ya kawo ta kusa,
matarsa ta ara masa tabarau nata.
Ya ce, "Oho."
Ya ciro biro, ya soke arba'in da kyau,
layi biyu, kamar mai rufe ƙofa da sakata,
ya rubuta biyar.
Ya ce na gode, kuma har zuciyarsa ya faɗa.
Kaka ta ɗaga mini hannu ta gilashi,
hular takarda ta karkace a kanta.

Na dawo safata jiƙe sharkaf.
Tadeo bai ce komai ba,
ya turo mini kujera kusa da tukunyar ruwan zafi.
Ban kai ga zama ba
tebur na shida ya ɗaga kofi sama,
ba tare da ya juyo ba.